Ɗalibin Injiniya da Ilimin Kwarara: Nazari kan Wuyar Darasin da Matsalar Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da ɗalibin injiniya ke haɗuwa da su a shekarunsa na neman digirin farko, akwai wanda ya danganci halayen ruwa da iska da mai da sauran abubuwan da ba su da tsayayyar siffa, wato yadda suke danna abin da ya riƙe su in suna tsaye, da yadda suke gudu in sun sami hanya. A wannan maƙala an kira darasin da sunan ilimin kwarara. A jami'o'in Nijeriya, inda karatun injiniya ke ɗaukar shekara biyar, galibi a aji na biyu ake fara koyar da shi ga ɗaliban tsangayar baki ɗaya, sannan masu karatun gine-gine da na injuna da na sinadarai da na aikin gona da na albarkatun ruwa su ci gaba da zurfafa shi a azuzuwan gaba.

Darasin ya yi suna wajen wahalar da ɗalibai, kuma abin da aka saba ɗora wa laifin shi ne yawan lissafi. Lissafin yana da yawa, babu musu. Sai dai idan aka lura za a ga cewa akwai wata wuyar da ta riga ta lissafi zuwa, ita ce ta kalmomi. Ɗalibi yana shiga aji ne da cikakkiyar masaniya a kan ruwa, domin ya ja guga, ya ga ambaliya, ya dama kunu. Wannan masaniya tana ƙunshe cikin kalmomin yau da kullum irin su nauyi da kauri da matsi da ƙarfi, waɗanda kowaccensu ta haɗa ma'anoni biyu ko uku da darasin ke son a rarrabe. Ana koyar da shi da Turanci, amma in ya koma ɗaki yana bita, da harshensa yake tunani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana muhimman batutuwan darasin da Hausa, tare da nuna wuraren da kalmar gida ke taimakon ɗalibi da wuraren da take ɓatar da shi.

2.0 Tushen Darasin a Taƙaice

Ilimin kwarara tsoho ne. Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara bayyana dalilin da ya sa wani abu ke nutsewa wani kuma ke yin iyo a kan ruwa. 'Ya'yan Musa bin Shakir a Bagadaza sun rubuta Kitabul Hiyal a ƙarni na 9, cike da dabarun sarrafa ruwa a tuluna da maɓuɓɓugai, haka kuma Aljazari ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, inda ya siffanta injunan ɗaga ruwa. Amma tsarin lissafin da ake karantarwa a jami'a ya kafu ne a Turai: Daniyel Barnuli ya fitar da littafinsa a 1738, Oila ya tsara lissafin kwararar da ba ta da gogayya bayan kimanin shekara ashirin, Nabiye a 1822 da Sitoks a 1845 suka shigar da gogayyar cikin lissafin.

Manhajar ɗalibi tana bin kusan wannan jeri. Ana farawa da halayen abubuwa masu kwarara, a wuce zuwa ga ruwa mai tsaye, daga nan sai ruwa mai tafiya a bututu, sannan a buɗaɗɗiyar magudana, a ƙare da famfuna da injunan da ruwa ke juyawa.

3.0 Kalmomin Gida da Tarkonsu

3.1 Ruwa da Kwarara

Matsala ta farko tana cikin sunan darasin kansa. Turanci yana da kalma guda da ta haɗa ruwa da iska a matsayin jinsi ɗaya, Hausa kuwa ba ta haɗa su ba, domin a idon mai magana babu abin da ya haɗa abin da ake sha da abin da ake shaƙa. Wanda ya fassara sunan da ilimin ruwa ya bar rabin darasin a waje, tun da dokokin da ke tafiyar da ruwa a bututu su ne ke tafiyar da iska a kan fiffiken jirgin sama da hayaƙi a salansar mota. Shi ya sa aka zaɓi abu mai kwarara.

Amma ita ma kwarara tana bukatar iyaka. Bahaushe yakan ce gero na kwarara daga buhu, yashi na kwarara daga tifa. A ma'anar darasin, gero da yashi ba sa cikin wannan jinsi, kuma hujjar tana gaban kowa a kasuwa: ana iya tsiba gero ya tsaya da gangarensa har gobe, amma ba a taɓa tsiba ruwa ba. Abu mai kwarara shi ne wanda in aka tura shi ta gefe, komai ƙanƙantar turin, zai ci gaba da zamewa muddin turin na nan. Zuma tana cikinsu duk da nawarta, domin in aka zuba ta a faranti aka ba ta lokaci sai ta baje. Ɗalibin da ya riƙe misalin tsibin gero ya riga ya mallaki ma'anar da littafi ke ɓata shafi guda wajen bayaninta.

3.2 Nauyi da Kauri

In aka tambayi ɗalibi wanne ya fi nauyi tsakanin ruwa da man gyaɗa, ba mamaki ya ce man gyaɗa, saboda ya ga yadda yake fita daga kwalba a hankali. Alhali kowace mai girki ta san mai a saman miya yake taruwa. A nan an cakuɗa halaye biyu ne da ba su da dangantaka.

Hali na farko shi ne yawan nauyin da ke cikin awo guda. Masu awon hatsi sun san shi sarai, domin mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba, ko da yake mudun ɗaya ne. Ana iya kiransa nauyin awo. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kimanin giram 910, ta zuma kimanin kilo 1.4, ta zaiba kuwa kilo 13.6. Iska ma tana da nata: abin da zai cika tankin lita 1,000 nauyinsa kimanin kilo 1.2 ne.

Hali na biyu shi ne ƙin zamewa, wato gogayyar da ke tsakanin sassan abin da kansa yayin da yake tafiya. Zaiba, duk da nauyin nan nata, ƙin zamewarta bai kai ninki biyu na ruwa ba, ga shi man gyaɗa marar nauyi ya ninka ruwa sau gommai. Abin sha'awa shi ne Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage, har ta fi bukatar darasin. Ana cewa kunu ya yi kauri, ko ya tsinke, ko ya yi tsararo. Ana cewa ƙaro yana da danƙo, miyar kuɓewa da ta karkashi suna da yauƙi. Kauri ce ta fi kusa da abin da ake nufi, sai dai ita ce kuma ake faɗa wa bango da igiya da bututu, ga shi a tambayar jarrabawa guda za a iya samun kaurin bututu da kaurin man da ke cikinsa. Don haka ya fi dacewa a ce kaurin kwarara in ana nufin wannan hali. Danƙo na nufin mannewa ga wani abu daban, wanda wani hali ne na dabam.

Yauƙi kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Niyuton, a littafinsa na 1687, ya ɗauka cewa gogayyar tana ƙaruwa daidai da saurin zamewar, kuma ruwa da iska da fetur duk suna bin wannan ƙa'ida. Akwai waɗanda ba sa binta, kuma madafin Bahaushe cike yake da su. Gasarar koko da ta kwanta, in aka danna ta da sauri sai ta ƙage kamar dutse, in aka sassauta hannu sai ta narke ta bi tsakanin yatsu. Miyar kuɓewa tana jan zare ta koma kamar roba. Littattafan da ake shigowa da su daga waje sukan kawo misalan abincin ƙasashensu, wanda ɗalibi bai taɓa gani ba, alhali ya sha koko da safe kafin ya zo aji. Batun kuma yana da amfani a wurin aiki, domin taɓon da masu haƙar rijiyar burtsatse ke zubawa a rami don ya fito da ɓarɓashin dutse yana cikin wannan rukuni.

Zafi ma yana da tasiri. Man ja yakan daskare da hunturu ya saki da bazara, kaurin kwararar ruwa kansa yakan ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku in zafinsa ya tashi daga digiri 20 zuwa 40. Ta iska kuwa ƙaruwa take yi da zafi. Ɗalibin da ya ɗauko adadi daga jadawalin da aka tsara kan digiri 20 ya yi lissafin bututun da zai kwanta a ranar Maiduguri ta watan Afrilu, ya kamata ya san abin da ya ɗauko.

3.3 Matsi da Ƙarfi

Nan ne gizo ke saƙar. Matsi, a ma'anar darasin, shi ne yawan dannawar da ke kan kowane yanki na fili, kamar murabba'in mita guda. Ƙarfi kuwa shi ne jimillar dannawar a kan filin duka. Allura tana huda fata da ɗan ƙaramin ƙarfi saboda ya taru a wuri ƙanƙane, ke nan matsin ya yi yawa. A maganar yau da kullum kalmar ƙarfi ita ke ɗaukar duka biyun, har da saurin gudu da abin da inji ke iya yi a cikin daƙiƙa: famfo ya kawo ruwa da ƙarfi, iska tana da ƙarfi, injin nan ya fi wancan ƙarfi.

Dokar ruwa mai tsaye gajeriya ce: matsi a kowane wuri ya dogara ne ga zurfin wurin da nauyin awon ruwan kawai. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin na iskar duniya baki ɗaya a bakin teku. Faɗin mazubin ba ya cikin lissafin. Wannan shi ne abu na farko da hankalin ɗalibi ke ƙi. Maigidan da famfon banɗakinsa ba ya zuba sosai yakan sayi babban tanki, ya sauke mai lita 500 ya ɗora mai lita 5,000 a kan ƙarfen nan dai, sai ya tarar bai sami wani canji na a-zo-a-gani ba, ban da ɗan abin da tsayin sabon tankin ya ƙara. Abin da yake bukata shi ne ya ɗaga ƙarfen. Haka kuma dannawar da ke kan bangon madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ba ta da alaƙa da cewa tafkin ya miƙe fiye da kilomita 100 a bayanta. Da tafkin taku goma ne tsawonsa, muddin zurfin ruwan a jikin bango bai sauya ba, dannawar tana nan yadda take.

Da yake matsin yana ƙaruwa da zurfi, jimillar ƙarfin da ke kan bango tana ƙaruwa ne da zurfin sau kansa. Ruwa mai zurfin mita 10 yana tura kowace mita ta faɗin bango da abin da ya kai nauyin tan 50. In zurfin ya zama mita 20, turin zai koma tan 200, yunƙurinsa na kifar da bangon kuwa ya ninka sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa gindin madatsa ke fin kanta kauri nesa ba kusa ba.

Da ruwa ya fara tafiya sai tarkon kalma ya ƙara tsananta. Doka ta farko mai sauƙi ce: abin da ya shiga bututu shi zai fita, don haka inda hanya ta ragu dole gudu ya ƙaru. Duk yaron da ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da babban yatsa ya san haka. In faɗin bakin bututu ya ragu da rabi, filin da ruwa zai bi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, gudun ya ninka sau huɗu. Doka ta biyu, wadda ake jingina wa Barnuli, ita ce mai rikitarwa. Ruwa yana ɗauke da kuzarinsa ta fuska uku, wato tsayin wurin da yake, da matsinsa, da gudunsa, kuma in aka kau da kai daga gogayya jimillarsu ba ta sauyawa. Saboda haka a shimfiɗaɗɗen bututu, inda gudu ya ƙaru dole matsi ya ragu.

In aka faɗi wannan da Hausar kasuwa sai ya fito kamar haka: inda bututu ya matse, matsi yakan ragu. Jimlar tana jin kamar tana ƙaryata kanta, domin tushen kalma ɗaya ne ke nufin ƙuncin wuri da kuma dannawa. Wanda ya taɓa shiga cunkoson ƙofar filin wasa ya san cewa a ƙofar ake matsuwa. Sai dai ruwa ba taron mutane ba ne. Kafin ɗigon ruwa ya ƙara gudu yayin shiga ƙuntataccen wuri, dole abin da ke tura shi daga baya ya fi abin da ke tare shi daga gaba, ke nan matsin da ke cikin ƙuncin ya gaza na faffaɗan wurin da ya baro. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a bar wa dannawa kalmar matsi, tun da an riga an saba da matsin iska a darasin labarin ƙasa, a riƙa cewa bututu ya tsuke in ana nufin ƙuncinsa. Da an ce inda bututu ya tsuke matsi yakan ragu, rabin ruɗanin ya kau.

Misalan dokar suna ko'ina. Kafiretar babur tana tsuke hanyar iska don matsin ya faɗi, fetur ya taso ya gauraya da ita. Tsohon famfon fesa maganin sauro haka yake aiki. Guguwar farkon damina da ke yaye kwanon rufi ma tana da nasaba da wannan, domin iskar da ke tsallake rufin tana rage matsin samansa, ta cikin ɗaki kuma ta tura shi sama. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa tana iya haifar da bambancin matsi da ya kai kimanin kilo 55 a kowane murabba'in mita, gwargwadon siffar rufin. A rufi mai murabba'in mita 100 ana maganar tan biyar ke nan ko fiye, a kan ƙusoshin da kafinta ya buga yana tunanin hana kwano zamewa ƙasa kawai.

4.0 Inda Lissafi ke Neman Taimakon Gwaji

A darussan da suka gabata ɗalibi ya saba bin abu guda, kamar dutsen da aka jefa, daga inda ya tashi zuwa inda ya faɗi. A ilimin kwarara ana neman ya sauya mazauni. Maimakon ya shiga kwalekwale ya bi kogi, sai ya tsaya a kan gada ya ƙidaya abin da ke shiga ƙarƙashinta da abin da ke fita. Wannan sauyin tunani yana ɗaukar makonni kafin ya zauna, kuma a daidai lokacin ne lissafin kalkulas mai sassa da yawa ke shigowa, wani lokaci ma kafin a kai wurin a darasin lissafi.

Bayan ya sha wannan wahala sai a gaya masa wata gaskiya mai sanyaya gwiwa, cewa cikakken lissafin Nabiye da Sitoks ba ya warwaruwa da alƙalami sai a 'yan wurare masu sauƙi ƙwarai. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa kyautar dala miliyan 1 ga wanda ya amsa wata tambaya ta asali game da wannan lissafi, aka kuma shafe fiye da shekara ashirin ba wanda ya karɓe ta. Kwamfuta tana ba da amsa ta kusa, kuma da ita ake tsara jirage da injuna a yau, amma amsarta ba ta fi ingancin abin da aka ɗura mata ba.

Babban dalilin wuyar shi ne kwarara iri biyu ce. Hayaƙin turaren tsinke yakan tashi a miƙe kamar zare, sai can sama ya wargaje ya shiga murɗe-murɗe. Na farkon shi ne kwarara mai natsuwa, na biyun kwarara mai hargitsi. A 1883, a birnin Manchesta na Ingila, Osbon Renolds ya zura zaren rini a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya gano cewa sauyawa daga wannan zuwa wancan ya dogara ga lamba guda, wadda ake samu in aka ninka nauyin awo da gudu da faɗin bututu, aka raba da kaurin kwarara. In lambar ta gaza kimanin 2,000 kwararar tana natse, in ta haura 4,000 ta hargitse. Ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa cikin bututu mai faɗin milimita 25 lambarsa 25,000 ce. Ma'ana, kusan duk ruwan famfon da injiniya zai yi aiki da shi a rayuwarsa hargitsattse ne, wato irin wanda lissafi tsantsa bai iya masa ba.

Saboda haka rabin darasin ya ginu ne a kan sakamakon gwaji. Nikuradse ya manna ƙwayoyin yashi a cikin bututu a 1933 don auna tasirin kaushi, Mudi kuma ya tattara irin waɗannan sakamako a taswira guda a 1944, wadda har yanzu ɗalibai ke bin layukanta da fensir a ɗakin jarrabawa. Ɗalibin da ya saba da amsa guda tak yakan ji haushi in ya ga tasa ta bambanta kaɗan da ta abokinsa kuma malami ya karɓi duka biyun. Taswirar kanta tana da kuskuren da zai iya kai kashi 15 cikin 100, don haka rubuta amsa da lambobi shida bayan ɗigo yaudarar kai ce.

Wannan ne ya sa ɗakin gwaje-gwaje ya fi muhimmanci a wannan darasi bisa ga darussa da yawa. Awa guda a gaban bututun gilashi mai tsukakken wuya, ana kallon ruwan da ke cikin siraran ma'aunai yana sauka daidai wurin tsukewar, ta fi mako guda na gardama a kan allo. Inda ɗalibai suka yi yawa, na'ura ɗaya ce, ko babu wuta, ko babu ruwan da za a zuba mata, sai gwajin ya koma kwafar alƙaluman 'yan ajin bara. Mai yin haka zai iya cin jarrabawa, amma zuciyarsa ba ta bar ra'ayin da ya shigo da shi ba. Alhali da robar ruwa da ƙusa da tiyo mai haske da agogon waya ana iya gwada rabin dokokin nan a tsakar gida.

Akwai kuma ƙaramar matsalar ma'aunai, wadda ke cinye maki fiye da kima. A aji ana lissafi da mita da kilo da daƙiƙa, a kasuwa kuwa da inci ake sayar da bututu, da doki ake faɗin ƙarfin inji. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, doki ɗaya kimanin wat 746.

5.0 Daga Aji zuwa Bakin Aiki

Ɗalibi yakan fara ganin amfanin abin da ya karanta ne a watannin koyon aiki da ake tura shi ma'aikatu a aji na huɗu. A can zai tarar cewa kuskuren ilimin kwarara da kuɗi ake biyansa, wani lokaci da rayuka. Mai kwangilar da ya sa bututu mai inci 1 a inda ya kamata a sa mai inci 2 don ya rage kashe kuɗi, yana zaton rabi ya rage. A kwarara mai hargitsi, in ana son ruwa ɗaya ya wuce, asarar matsi saboda gogayya takan ninka kusan sau talatin. Wanda ya rufe babban bawul farat ɗaya, ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa a bututun ƙarfe zai iya dukan bututun da ƙarin matsi kwatankwacin zurfin mita 100, abin da Jukoski ya yi bayaninsa a Rasha a 1898. A babban mataki kuma, ɓallewar madatsar Bagauda a jihar Kano a watan Agusta na 1988, da ta Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, duka bayan ruwan sama mai yawa, sun nuna nauyin da ke kan masu lissafin yawan ruwan da mafitar madatsa za ta iya fitarwa, da masu kula da ita bayan an gina.

Sannan a bakin aiki ne batun harshe ke dawowa. Injiniya ya yi karatu da Turanci, amma mai haɗa famfo da birkila da manomin rani da Hausa zai yi musu bayani. Ƙoƙarin samar da kalmomin fannu a Hausa ya yi nisa a wasu sassa, alal misali littafin kalmomin nazarin harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, amma fannonin injiniya ba su sami irin wannan gata ba. Abin da ya rage wa injiniya shi ne ya fahimci dokar sosai har ya iya faɗinta da kalmomin mai sauraronsa.

Misali mafi kusa shi ne na manomin fadama da injin ban-ruwansa. Da rani ya yi nisa, ruwan 'yar rijiyarsa ya ja baya, sai injin ya daina kawo ruwa, shi kuwa ya yanke shawarar sayen wanda ya fi shi doki. A Hausa ana cewa inji yana jan ruwa ko yana zuƙo shi, kuma kalmar tana sa a zaci cewa mai ƙarfi zai jawo daga ko'ina. Hakikanin abin da ke faruwa shi ne injin yana rage matsin da ke cikin tiyo ne kawai, iskar duniya da ke danne da fuskar ruwan rijiya ita ke turo shi sama. Tun a 1638 Galiliyo ya ambaci cewa famfon zuƙa yana da iyakar da ba ya wucewa, almajirinsa Toriceli kuma ya gano dalilin bayan 'yan shekaru da gwajinsa na zaiba. Iyakar ita ce kimanin mita 10.3 a bakin teku, a tudun Jos kuwa, inda iska ta fi sauƙi, kimanin mita 9. In aka cire asarar gogayya da ɗan yoyon iska a mahaɗai, abin da ake samu a aikace bai cika wuce mita 7 zuwa 8 ba, ko injin doki nawa ne. Shi ya sa a rijiyar burtsatse mai zurfi ake zura famfon cikin ruwan, wanda masu sana'ar ke kira sumo, domin ya tura daga ƙasa, turi kuwa ba shi da wannan iyaka. Shawarar da injiniya zai ba manomin ita ce ya ajiye kuɗinsa, ya haƙa rami a gefen rijiyar mai zurfin mita ɗaya ko biyu, ya saukar da injin da yake da shi kusa da ruwan.